Anzar Kwana Uku

Tun a lomar farko na ji. An kira magariba, mun sha ruwa, kowacce ta jawo tasarta, na kai hannu baki. Gishiri da mai suka fara zuwa, sai can bayan harshe wani ɗaci ya taso, ya kama maƙogwaro, ya ƙi wucewa ko da na kora da ruwa. Na san wannan ɗacin. Ina ƙarama kakata ta taɓa ɗora mini shi a harshe da gangan, ta ce in riƙe shi da kyau, duk ranar da na ji shi a tukunya in kifar da tukunyar. Na ɗaga ido. 'Yan mata sun kai arba'in a kan tabarmi cikin rumfar cin abinci, sun wuni ba ci ba sha a zafin bazara, ba ka jin komai sai ƙarar hannu a tasa. Ni na jiƙa abin da suke ci. Ban ce komai ba.

Shekara bakwai ke nan, kuma na ɗauka abin ya kwanta. Amma daminar da ta wuce ta yanke a ƙasarmu ta Deule hatsi yana cikin fidda kai, kuma tun bazarar nan ba ta yi tsakiya ba Inna ta share ƙasan ruhewa, rumbun hatsinmu, da tsintsiya. Makon jiya na dawo daga lakwal ɗin da nake koyar da yara, na tarar ta girke babbar roba a inuwar ɗaki, ta zuba anza ta cika da ruwa. Warin ruwan nan, kamar na ɗanyen ganye da ya kwana, shi ya tarye ni tun daga ƙofa. Sai da na dafa bango. Na ɗauki gawayi na ja layi ɗaya a jikin katanga, washegari na ja na biyu. Inna tana ta dariya, wai ita da ta tsufa tana jiƙa anza, yau 'yar lakwal za ta ƙirga mata kwanaki. Ban taɓa gaya mata dalili ba.

Wanda ya tashi a birni ba lalle ya san anza ba. 'Yar bishiya ce da ke fita a kan fako da gindin duwatsunmu, fari ba ya kashe ta. 'Ya'yanta kamar wake suke. Ba a waiwayar su sai shekarar da hatsi ya ƙi, domin ɗanyunsu cuta ne. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa. A gidanmu kwana biyar ake yi, ana zubar da ruwan safe da maraice. Abu na ƙarshe, wanda kakata ba ta yafe wa kowa, shi ne wadda ta jiƙa ita za ta fara taunawa, ta jira, kafin a ba wani.

A lokacin ina ajin ƙarshe na kwalejin mishan ta 'yan mata a Madawa, wadda mutanen gari ke ce wa lakwal ɗin Maser. Tarihinta ba a littafi muka koya ba, a bakin Baba Arzika mai gadi muka ji, kuma mun ji shi ya fi sau ɗari, don ba ya gajiya da faɗa. Ya ce ranar da ya fara zuwa wurin babu aji ko ɗaya, rumfar zana ce da manyan tukwane uku. Shekarar babbar yunwa ce, wadda shanu suka ƙare a cikinta. Uwarsa ta goyo shi tun daga duwatsun Keita, ta kawo shi nan ta ajiye, ba ta kai damina ba. Wasu Maser biyu, matan da suka ba da ransu ga aikin coci, su ke dama kunu suna raba wa duk wanda ya zo. Da ruwa ya dawo mutane suka watse, sai aka bar musu 'yan mata da ba su da inda za su koma. Suka fara koya musu karatu a gindin gawo. Aji ɗaya, aji biyu, har ta zama kwaleji. Ya kan nuna madafa da sandarsa ya ce, a gidan nan tukunya ce babba, allo ƙanenta ne.

Daga nan dokar gidan ta samo asali, abu biyu ne kawai. Ba a mayar da yarinya gida don abinci ya yi kaɗan, kuma ba a ce wa yarinya ta bar addinin gidansu. Babana bai yarda da ta biyun ba sai da ya je ya gani. An gaya masa a ƙauye cewa zan dawo da gicciye a wuya. Ya shiga ya ga ɗakin salla da tabarmi da butoci jere, ya tambayi limamin unguwa, sannan ya sa hannu. Mafi yawanmu Musulmi ne, 'ya'yan manoma daga Buza da Galma da Keita. Kiristocin kaɗan ne, 'ya'yan ma'aikata. Shekara huɗu na yi ba wanda ya ce mini zo coci. Da azumi ma Maser Odil, shugabar makarantar, mutuniyar Burkina, ita ke buga ƙarfen sahur da hannunta.

Al'adar gidan, idan an dawo hutun damina kowane uba ya kawo abin da gonarsa ta ba shi na hatsi. A shekarar nan ruwa ya ɗauke tun kafin hatsi ya yi ido, tsutsa kuma ta bi abin da ya rage. Wani ya kawo rabin buhu, wani tiya goma, wani ya zo da haƙuri kawai, yana murza hula. Babana ya kawo ɗan wake da busasshen yakuwa. Maser ta karɓa duka, ta yi godiya iri ɗaya.

Har sanyi ya wuce muna cin tuwo. Da rani ya shigo tuwo ya koma na dare kaɗai. Da bazara ta kama sai kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kina ganin gindin ludayi. Zafin shekarar ban sake ganin irinsa ba. Kwanon ɗakin kwananmu yana ƙara da rana kamar ana taka shi. Mu jiƙa zane mu shimfiɗa a siminti, kafin mu juya ya bushe. Leɓɓa suka tsattsage. A aji alli yana manne wa hannu, sai ki ga yarinya tana rubutu ta kifa kai a tebur, a ɗauke ta a kai inuwa. Da la'asar hadari ya kan haɗu a gabas, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Famfo kuwa ba ya kawo ruwa sai da asuba, na ɗan lokaci, yana tari kamar tsoho. Mu jera bidon, jarkokinmu na ruwa, abin da aka samu shi ne na sha, na girki, na alwala da na wanka har wata asubar.

Mutane da yawa sun ba Maser shawara ta rufe wurin kwana, kowa ya tafi gidan ubansa. Ta ƙi. Ta ce ta san abin da ke cikin ruhewar gidajenmu, kuma ta san wadda ta tafi a irin wannan shekara da wuya ta dawo. Ga jarrabawar birebe, ta gama kwaleji, saura wata biyu. Ta rubuta takardu ta nemi taimako, aka yi mata alkawarin motar shinkafa. Kullum sai mun tambayi Baba Arzika ko ya ga motar, ya ce ya ga motoci da yawa a babbar hanya, amma duk sun san inda za su.

Ni na kawo maganar anza. Ina so in rubuta cewa tausayi ne ya sa ni, amma akwai son a sani a ciki. Shekara huɗu 'yan birni suna ce mini 'yar dutse, suna kwaikwayon maganata. Yau ga abin da na sani su ba su sani ba. Na je ofis na gaya wa Maser. Ba ta taɓa ci ba, ta kira Baba Arzika ta tambaye shi. Ya ce gaskiya ne, da ita aka raya shi, amma shi ci ya sani, jiƙawa aikin mata ne. Aka sayo buhu biyu a kasuwa.

Buhun farko na yi shi yadda kakata ta koya mini. Azumi bai kama ba tukuna. Kwana biyar, ruwa safe da maraice, na tauna na jira. Mama Terez mai dafa mana abinci, mutuniyar ƙasar Bene ce da aure ya kawo ta, ta haɗa da ɗan wake da albasa da mai. Ranar muka ƙoshi, karon farko cikin makonni. 'Yan birnin da suka fara toshe hanci su suka riƙa miƙo tasa a ƙara. Suka sa mini suna darektar anza. Idan na wuce sai su ƙame su sara mini. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Buhu na biyu ya faɗo cikin azumi. Ruwa ya ƙara wuya, don yanzu kowacce tana ɓoye bidonta saboda shan ruwa. Robar anza tana cin bidon huɗu a kowane canji. Ranar farko da na je ɗiba da maraice aka yi mini caa, wai wake zai sha su kwana da ƙishi. Sai na ce a raina sau ɗaya a rana ma ya isa, in dai na ƙara kwana. Amma ban samu ƙarin kwanan ba. A rana ta uku Mama Terez ta kira ni magazan, ɗakin ajiyar abinci, ta kakkaɓe buhun hatsi a gabana, abin da ya zubo bai cika tiya ba. Ta ce wannan na kunun sahur ne, da me za a sha ruwa yau? Ta tambaye ni ko anzar ta yi.

Na je na duba. Ruwan ya yi haske, kumfa ta ragu. Na ɗauki ƙwara ɗaya na kai kusa da baki, sai na tuna ina azumi. Yanzu na san da na tauna na tofar da ba abin da zai taɓa azumina, malamai sun gaya mini daga baya. A lokacin shekarata goma sha shida, ina ƙirga azumina kamar dukiya, ko ɗaya ban sha ba, ina alfahari da haka. Na mayar da ƙwarar cikin ruwa.

Mama Terez ba ta azumi, ta ce bari ita ta ɗanɗana. Ta tauna, ta yamutsa fuska.

“Zalika, wannan da ɗaci fa. Ya fi na wancan karon.”

“Haka anza take, Mama. In ta ji mai da gishiri kwantawa take.”

“To, darekta ta faɗa,” in ji ta, tana dariya. Ta ɗora tukunya.

Ita ba ta san bambancin ɗacin da ake ci da wanda ake kifarwa ba. Ni kaɗai na sani a duk gidan, ni kuma ban kai harshe ba.

To, ga ni zaune da magariba da ɗacin nan a maƙogwaro. Na ce wa kaina bakin mai azumi ne, komai ɗaci yake masa. Na ce ai sun riga sun ci rabi. Na ce in na tashi na ce a daina, me za su ci, kuma da wane ido za su dube ni gobe. Ina cikin wannan lissafin na ture tasata gefe. Kusa da ni Rakiya ce, 'yar ajin farko daga Galma, 'yar siririya, wadda aka damƙa mini ita tun zuwanta in riƙa kula da ita. Ni ke mata kitso. Ta riga ta suɗe tata.

“Yaya, ba ki ci?”

“Ba ni jin yunwa.”

“To miƙo man, kar ta huce.”

Na miƙa mata. Da hannuna. Wannan ne wurin da ba na iya wucewa idan ina tunani. Sauran duk ina samo musu dalili, zafi, ruwa, ƙuruciya. Wannan ban samo ba.

Kafin a yi isha'i an fara. Amai, murɗar ciki, jiri, wasu suna cewa ƙasa tana juyawa. Da gari ya waye an kai goma sha wani abu asibitin gari, ana ƙara musu ruwa. Yawancinsu zuwa hantsi sun zauna, suna neman abin sha. Rakiya ba ta zauna ba. Rabo biyu ta ci a cikin da ya wuni wayam. Na gan ta lokacin da ake ɗaukar ta, idonta ya faɗa, hannunta yana lilo.

Da hantsi Maser ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Idonta ya yi ja, mayafin kanta ya karkace, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce likita yana son ya san ko an yi wani abu dabam da na farko. Ta tambaye ni ko na yi yadda ake yi a gida. Na ce eh. Ta sake tambaya a hankali, na sake cewa eh. Ta dafa kaina ta ce in je in huta, ba laifina ba ne.

Wannan eh ɗin ita ta fita gari. Domin mutanenmu sun san anza, a shekarar nan rabin ƙauyuka ita ake ci. Sun san in an jiƙa ta yadda ya kamata ba ta kwantar da mutum. In kuwa an jiƙa daidai, kamar yadda makaranta ta faɗa, to wani abu aka zuba. Wa ya dafa? Kirista. Wa ya ci? Masu azumi. Su Maser sun ci? Ba su ci ba, don a gidansu suke cin nasu, kunu da busasshen burodi, amma wa zai tsaya jin wannan. Kafin azahar magana ta kai tasha, 'yan kabu-kabu sun kai ta unguwanni, waya ta kai ta ƙauyuka. Mama Terez ba ta iya komawa gidanta ba ranar, a madafa ta kwana.

Washegari tun da safe iyaye suka fara sauka daga motocin ƙauye. Wasu sun zo ɗaukar 'ya'yansu, wasu ba su da 'ya a ciki ma. Ƙofar makaranta ta cika. Baba Arzika ya rufe ƙyauren ƙarfe ya tsaya a gaba da sandarsa, tsoho mai azumi cikin rana. Ana ta cewa a fito da mai dafuwa. Wasu na cewa a rufe gidan, dama tun farko an faɗa. Wani dutse ya faɗo kan kwanon aji, sannan wani. Maser ta fita ta ce musu duk abin da ya faru a gidan nan ita ke da alhaki. Wannan ya ƙara hura wutar, aka ce ga shi ta amsa da bakinta.

Wata daga cikin 'yan ajinmu ta ce mini ta ji ana tambayar wace ce yarinyar da ta jiƙa, wai da ita aka haɗa baki. Na shige magazan na jawo ƙofa, na zauna bayan buhunan da ba komai a cikinsu. Ɗakin ba taga sai 'yar kafa a sama. Zafi kamar tanda, ga warin anza daga robar da aka ajiye a lungu. Ina jin hayaniyar tana tashi tana sauka. Ina tunanin Rakiya, ina tunanin Babana in aka ce masa 'yarsa ta kashe 'yar mutane. Ina tunanin tukwane ukun Baba Arzika, gidan da ya rayu tun kafin a haifi Inna, ni zan rufe shi da kalma ɗaya.

Ba jarunta ce ta sa na yi magana ba. Mama Terez ce ta shigo neman wurin ɓuya ita ma, ta gan ni. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, babbar mace. Ta ce ta yi ta tunani ko mai ne ya lalace, ko tukunya ce ba ta wanku ba. Ta ce shekara ashirin tana ciyar da 'ya'yan mutane. Sai ta tambaye ni ko na sha ruwa jiya da kyau, don ta ga leɓena ya fashe. Nan na kasa. Na gaya mata kwana uku ne, ruwa sau ɗaya, kuma na ji ɗacin na yi shiru. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta kira Maser.

Maser ta saurara har na gama. Ta aika a gaya wa likita nan take. Sannan ta ce ba za ta ba kowa sunana ba, amma maganar kwana uku dole ta fita, kuma in ta fito daga bakinta ba mai yarda. Ta ce akwai mutum ɗaya da ke da hakkin ji daga bakina. Uwar Rakiya ta iso tun jiya daga Galma, tana asibiti. Ta tambaye ni ko zan iya. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Ta ɗauka na yarda.

Tsakanin tafiyarta da zuwan matar ban san ko awa nawa ba ne. Hasken 'yar kafar ya sauko daga bango ya kai ƙasa. An yi azahar ban tashi ba. Duk takun da na ji sai in ce ga shi an zo gaya mini ta rasu.

Uwar Rakiya, Inna Habsu, doguwa ce, baƙa, busasshiya, zanenta ya koɗe, tafin ƙafarta duk faso. Kama ɗaya da matan garinmu. Ta shigo ba ta dube ni ba, ta wuce wurin robar. Ta tsoma hannu ta ɗebo ragowar, ta shinshina, ta murje ƙwara ɗaya tsakanin yatsu. Sannan ta juyo.

“Ke kinka jiƙa ta?”

“Ni ce, Inna.”

“Ɗiyar wane gari?”

Na faɗa mata.

“To kin san anza. Kwana nawa?”

“Ukku.”

“Ruwa fa?”

“Sau guda a yini.”

“Kin taɓa da bakinki?”

“Ina azumi.”

Na ce mata akwai saura. Na gaya mata maganar tasata, yadda Rakiya ta ce in miƙo, na miƙa. Ban ɗaga kai ba, ƙafafunta kawai nake gani. Na jira mari. Na ga yatsun ƙafarta sun dunƙule cikin ƙasa, sun daɗe a haka. Sai ta juya, ta ɗauki robar ta fita da ita.

Abin da ya faru a ƙofa Baba Arzika ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ta sa ya buɗe ƙyauren, ta dire robar a gaban maza, ta ce ita ce uwar wadda ta fi jin jiki, kowa ya san haka. Ta ce a kira matan da ke baya su zo su duba. Mata suka matso, suka shinshina, wata tsohuwa da ba ta azumi ta tauna ta tofar. Ta ce wannan ko kwana huɗu ba ta yi ba. Inna Habsu ta ce uku ne, ruwa sau ɗaya, don famfo ba ya kawowa. Ta ce ita kanta a gidanta wata biyu ke nan kwana huɗu take yi, don rijiyarsu ta ja baya, kullum da fargaba take ba 'ya'yanta. Ta ce duk wadda ba ta taɓa rage kwana ba a bana ta ɗaga hannu. Ba wadda ta ɗaga. Da maza suka ce to wace ce ta jiƙa, ta ce yarinya ce mai azumi kamar 'ya'yansu, kuma sunanta ya tsaya a wurinta, ba za ta faɗa ba. Ba a watse nan take ba. An yi ta gunaguni, wasu sun kwashe 'ya'yansu duk da haka, kuma cikinsu akwai waɗanda ba su dawo ba har yau. Amma duwatsun sun tsaya.

Ni ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani hayaniya ta ragu, kuma shirun ya fi ba ni tsoro. Na ce a raina sun tafi jana'iza.

Ana kiran la'asar ƙofar magazan ta buɗe. Inna Habsu ce, ta dawo daga asibiti, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta tsaya a bakin ƙofa, haske a bayanta, ban ga fuskarta ba.

“Ta buɗe ido,” in ji ta. “Ta sha ruwa, ya zauna. Likita ya ce ta wuce wurin tsoro.”

Ta share gumin wuyanta, ta ci gaba.

“Ta ce a gaya ma yayarta tasar da kinka miƙa mata na ƙarƙashin gado, ba ta samu wankewa ba, kar ki yi mata faɗa.”

Sai a lokacin kuka ya zo mini, irin wanda ba shi da hawaye, don jikin ba ruwa. Ta bar ni na yi. Ba ta rungume ni ba, ba ta ce ta yafe ba, kuma ban tambaya ba. Ta matso ta kama ni a damtse, hannunta kamar icce, ta ɗaga ni tsaye.

“Ba mai taɓa ki, ɗiyata. Mutane sun tahi. Tashi ki yi salla, lokaci na wucewa.”

Na ce mata ba ni da ruwan alwala. Ta kwance 'yar gorar da ke ɗaure a bakin zanenta, wadda ta ajiye don shan ruwanta, ta zuba mini rabi a tafin hannu.